LAMBUN KAMALU

Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa.

Masu biyo ni ta saƙo kuna cewa wai na tsani Kamalu, wai in sassauta masa yaro ne, ku karanta shafin yau tukuna sannan ku dawo mu yi magana. Ni ban tsane shi ba, halinsa ne ya ishe ni. Ke kuma Ruƙayyatu ta Wurno da kika ce in ban saki shafi yau ba har gida za ki same ni, ga shi nan, ki bar ni in sha ruwa.

*

Takalmin ta fara gani.

Fari ne ƙal mai 'yan ƙusoshin roba a ƙasa, an tura shi bayan ƙofar ɗakin Goggo Batulu an ɗora buta a kai, wai don kar a lura. Munawwara ta tsaya cak da fulas a hannu. Ruwan zafi kawai ta shigo karɓa a gidan ƙanwar Babansu, don ta baro shi a kan bencin asibiti a nan Birnin Kudu yana jiran layin likita. Tun ranar da aka kama masa shanu a kudancin ƙasar jinin Baban nasu, Malam Salihu, ya hau ya ƙi sauka.

Ta san takalmin nan, duk garinsu Fagam ma an san shi. Shi ne a ƙafar ƙaninta Kamalu a kowane bidiyo da yake turowa daga bakin teku, yana taku ɗai-ɗai a kan ciyawa kore shar yana cewa, "Ga lambuna nan, Alhamdulillahi."

Goggo ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zani.

"A'a, Munawwara ce? Lale. Ya mai jikin?"

"Goggo, takalmin wa ye wannan?"

"Wanne? Au, wannan. Na ɗan maƙwabta ne."

"Ɗan maƙwabtan ne a cikin ɗakinki?"

"Ke 'yar nan, tsaya ki ji…"

Ina! Ta riga ta yaye labulen.

Yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafa, kwanon tuwo a gabansa, miyar kuka ta sha man shanu har tana ƙyalli. Lomar da ya ɗauko ta tsaya a hanya. Ya yi wuƙi-wuƙi da ido kamar an kama ɓera a buhun gero.

"Adda…"

"Kan uba! Kamaluddeen! Kai ne?"

"Don Allah Adda ki rage murya."

"In rage murya? Mun kira wayarka har yatsunmu sun gaji. Inna ta sa an yi maka saukar Alƙur'ani, ta ɗauka kai ma an kama ka ko an jefa ka a teku. Ashe kana nan kana cin tuwo. Har da man shanu! Man shanun wa kake ci, Kamalu? Akwai sauran saniya a gidanku?"

Ya ture kwanon gefe, ya sunkuyar da kai.

Goggo ta shigo ta riƙo mayafinta.

"Ki yi haƙuri. A galabaice ya zo min, ko jaka babu, ya roƙe ni da girman Allah kar in faɗa. Ɗan ɗan'uwana ne, in kore shi?"

"Goggo, ɗan'uwan naki yana can a kan benci ko tsayuwar kirki ba ya iyawa. Ki bar ni da shi."

Ta dire fulas ɗin, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Ina shanun Baba?"

"Suna can."

"Can ina? Ƙaninka Sada ya kira sau ɗaya yana kuka, ya ce an kama shanu a lambunka, wayar ta katse. A lambunka! Wane ne zai kama shanun uban mutum a cikin lambun mutum?"

Ya tsura wa tabarma ido.

"Da kai nake!"

"Adda, ba lambuna ba ne."

"Na wa ye?"

"Ba ma lambu ba ne." Muryarsa can ƙasa. "Filin golf ne. Wasan nan da ake cewa ƙwallon lambu a rediyo."

Munawwara ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Ƙwallon lambu. Sai ka cire ƙwallon ka bar mana lambun."

"Wurin hutun masu kuɗi ne a bakin ruwa, can gaba da Legas. Su kwana a otal, da safe su fito su riƙa dukan wata 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabuwa da sanda, suna bin ta har ta faɗa rami."

"Manya da su?"

"Manya ƙwarai."

"Kai kuma mene ne naka a ciki?"

"Ni nake ɗaukar musu jakar sanduna. In babu baƙi in bi injin yankan ciyawa ina kwashewa."

"Takalmin fa?"

"Wani Alhaji ne ya ba ni, ya matse shi."

Goggo ta zauna a bakin gado ba ta shirya ba, tana salati. Ashe ita ma ba ta san wannan ba.

"Ciyawar da ka ce wa Baba ta yi maka yawa har zubarwa kake yi?"

"Ai zubarwar ake yi, Adda. Wannan ban yi ƙarya ba. Kullum ana ba ta ruwa, kullum ana yanka, mota ke kwashewa."

"Rufe min baki! Wai bai yi ƙarya ba! Ka san abin da bidiyon nan ya yi wa Baba? Cikin tsakiyar rani, mu ko karan dawa ya gagare mu, ya sa ni in maimaita masa ya fi a ƙirga. Yana kallo yana cewa, 'Munawwara, dubi arziki. Allah Ya ba ɗana abin da ban taɓa samu ba.' Har masallaci ya tafi da wayata yana nuna wa mutane."

Hawaye suka zubo wa Kamalu. Ita kam ko a jikinta.

"Ajiye kukan, ba a zo wurinsa ba. Ranar da Baba ya kira ka ina nan, ni na riƙe masa wayar a kunne. Ya ce maka an kori ƙaninka Sada daga inda yake kiwon rani, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya ce, 'Kamalu, zan ce ya gangara da su lambunka su ɗan murmure.' Me ka ce masa?"

Ya hau wasa da bakin tabarma.

"Me ka ce?"

"Na ce to."

"Faɗe shi yadda ka faɗa!"

"To, Baba."

"To, Baba! Da kunnena na ji. Har da 'Allah Ya kawo su lafiya.'"

Sai a nan ya ɗago kai, idonsa jawur.

"Ke kin taɓa ce wa Baba a'a? Tsakani da Allah, Adda, kin taɓa? Waye a gidanmu ya taɓa? To ɗin ladabi na yi masa, irin wanda ake yi a ajiye waya. Na ɗauka Sada ba zai taɓa gane wurin ba, ya gaji ya juya. Shi ya sa na kashe wayar."

"Sadan? Yaron da ke gano rijiya a dajin da bai taɓa shiga ba, shi ne zai kasa gane fili mai ƙaton allo a bayanka cikin bidiyo?"

Jama'a, ku bar ni in sa baki a nan. Wannan "to" ɗin duk mun san shi. Shi muke yi wa iyaye in an aike mu inda ba za mu je ba, shi tela ke yi maka ana gobe Sallah. Amma makiyayin da dabbobinsa ke faɗuwa don yunwa ba ya jin to ɗin ladabi, to ɗin ciyawa yake ji. Kamalu ya tashi a cikin garke, ya fi ni sanin haka, shi ya sa raina ke ɓaci.

Munawwara ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna dab da shi.

"Yanzu ba ni labarin ranar. Wallahi ka rage ko kalma ɗaya sai na fita titi na tara maka jama'a."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Ranar babbar gasa ce. An yi wata ana gyaran filin. Ta gefen teku babu shinge, yashi ne kawai, ta nan Sada ya biyo da su da hantsi. Ina tsaye riƙe da jakar wani baƙo, yana shirin dukan ƙwallo kowa ya yi tsit, don a wasan ko tari ba a so. Sai na ji kukan saniya."

"Ka gane ta."

"Tauraruwa ce."

Goggo ta dafe ƙirji. Kowa a dangi ya san Tauraruwa, uwar garke mai farin tabo a goshi. Uwarta ta mutu wurin haihuwarta, Kamalu ne ya raine ta da hannunsa yana yaro, a ɗaki ɗaya suke kwana lokacin sanyi.

"Suna ganin ciyawar suka watsu. Adda, yunwa suke ji, ba wanda zai iya tare su. Suka hau har inda ramin yake, wurin da ko mu ba a bari mu taka da takalmi mai nauyi. Kofato ya kwakkwaɓe shi, ga kashi ko'ina. Baƙi suna gudu, wani babban mutum ya haye kan 'yar motar da ke yawo da su yana ihu. Masu gadi suka danne Sada."

"Kana kallo."

"Ina kallo."

"Ya gan ka?"

Kamalu ya rufe fuska.

"Ya gan ni. Yana ta ƙwala min kira. 'Hamma! Hamma Kamalu! Ka gaya musu lambunka ne! Ka gaya musu Baba ne ya ce in kawo!' Manaja ya juyo ya ce min, ka san wannan?"

"Ka ce me?"

Ya juya fuska bango.

"Kamalu, ka ce me?"

"Na ce ban san shi ba."

Tas!

Marin har tsakar gida an ji shi, kajin Goggo suka watse. Ni dai ban ce a yi duka ba, amma Allah Ya shi wa hannun Munawwara albarka.

"Uwa ɗaya uba ɗaya! Nono ɗaya kuka sha! Ana danne shi a ƙasa a garin da bai san kowa ba sai kai, ka ce ba ka san shi ba? Saboda jakar wani ƙato?"

"Tsoro na ji, Adda! Ba ki san wurin ba. Da na ce ƙanina ne, tare za a haɗa mu."

"Da an haɗa ku! Da ya fi mana wannan abin kunyar. Tir da kai, Kamalu. Tir!"

Tana huci ta miƙe za ta fita, sai kuma ta tsaya. Wani abu ya faɗo mata.

"Tsaya. Ka ce sun watsu."

"E."

"Sada yana hannun masu gadi."

"E."

"Shanun Baba ba sa bin baƙo. Ko mijina ba ya iya matsawa kusa da Tauraruwa. To wa ya tara su har aka kulle?"

Kamalu ya dubi Goggo, Goggo ta kau da kai.

"Wa ya tara su?"

"Masu gadi sun yi ta fama sun kasa. Ɗaya ya ce a kawo bindiga. Manaja ya ce duk wanda ya fitar da su daga filin zai ƙara masa matsayi. Ni kuma na ga in aka kawo bindigar…"

"Kar ka laɓe a bayan bindiga. Me ka yi?"

"Na je bakin shingen da ake ajiye injuna, na buɗe ƙofar. Na yi musu kira."

"Wane kiran?"

Amsar daga bakin ƙofa ta zo.

"Kiran kanwa."

Duka ukun suka juya.

Malam Salihu ne tsaye ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da sandarsa. Ya gaji da jiran ruwan zafi ya lallaɓo gidan ƙanwarsa, ba wanda ya san tun yaushe yake wurin. Rigar ta yi masa yawa, idanunsa sun faɗa.

"Baba, me ya fito da kai? Likita…"

Ya ɗaga mata hannu.

Kamalu ya zube a kan gwiwoyinsa.

Ga waɗanda ba su tashi cikin shanu ba, kowane garke da kiransa na ranar ba da kanwa, kuma shanu ba su da abin da suke so kamarta. Na gidan Malam Salihu daga kakansa ya gado. Ko suna ƙetaren rafi suka ji shi, da gudu suke zuwa. Doka ɗaya ce a kansa, kowane yaro a gidan da ita aka yaye shi: ba a yin kiran kanwa da hannu wofi.

"Shi ka yi musu?" in ji Baba. Ko ɗaga murya bai yi ba.

"Shi ne, Baba."

"Suka zo?"

"Suka zo."

"Tauraruwa ce a gaba."

"Ita ce. Ta zo tana lasar hannuna, tana tura kai cikin rigata. A nan manaja ya gane. Kafin ya gama kiran masu gadi na tsallake ta baya na gudu."

"Ka ba su kanwar?"

Kamalu ya fashe da kuka.

"Tambayarka na yi. Da suka zo, me suka samu a hannunka?"

"Kwaɗo, Baba. Ni na kulle ƙofar."

Wallahi da ihu Malam Salihu ya yi, ko ya ɗaga sandar nan, da ya fi sauƙi. Gyaɗa kai kawai ya yi, ya zame a hankali ya zauna a dokin ƙofa. Munawwara ta ruga ta tallafe shi, hannunsa sanyi ƙalau.

"Ni ban aike ka ka yi arziki ba, Kamalu," ya ce. "Da ka ce min dako kake yi, da na sa maka albarka. Kakanka ma ya yi dakon gishiri. Da ka ce min a'a, da na ji haushi yini ɗaya, in ce Sada ya nufi wani wurin. Kalma ɗaya."

"Baba ka yafe…"

Wayar Munawwara ta hau ruri a cikin jaka. Baƙuwar lamba. Ta kusa kashewa, Goggo ta ce ɗauki mana. Tana karawa a kunne ta zabura.

"Sada! Sada ne! Baba, Sada ne!"

Ta buɗe muryar kowa ya ji. Iska na kaɗawa a bayansa, muryarsa ta dushe kamar ba shi ba.

"Adda, wayar wani mai shayi na ara, ba zan daɗe ba. Sun sake ni. Ina nan bakin ƙofar wurin, a nan nake kwana."

"Lafiyarka ƙalau? Sun dake ka?"

"Bar wannan. Baba yana kusa?"

"Ina jin ka, Sada," in ji Malam Salihu. "Shanun fa?"

"Suna cikin shingen, Baba, a kan siminti. Ruwa sau ɗaya ake ba su. Ciyawar da suke yankewa ta gabansu ake wucewa da ita a mota, na roƙa a zuba musu an ƙi. Ɗan maraƙin Tauraruwa ya mutu jiya."

Goggo ta ɗora hannu a ka.

"Baba, akwai abin da ya fi wannan." Muryar Sada ta karye. "Na zagaya ta bayan shingen na yi musu kiran kanwa don su san ina nan. Ba wadda ta ɗago kai. Ko ɗaya."

Malam Salihu ya rufe ido. Munawwara ta juya ta watsa wa Kamalu wani kallo, da kallo na kisa da an yi jana'iza a gidan Goggo.

"Me suke so?" ta tambaya. "Sada, me suke so a ba su?"

"Na samu ganin manajan yau, mai shayin nan ya yi min tafinta. Ya ce shi ba ruwansa da ni, ya gane yaudarata aka yi. Ma'aikacinsu yake nema, wanda ya gayyato shanu cikin filinsu ya gudu. Ya ce in ya dawo da ƙafarsa ya tsaya gaban hukuma ya amsa laifinsa, za a buɗe min ƙofa in kora su. In bai zo ba, jibi mahauta za su zo da mota."

Sada ya ci gaba.

"Ni ban san inda zan same shi ba, Adda. Wayarsa a kashe."

"Ga shi nan a gabana. Tuwo na tarar yana ci."



"Sada…" Kamalu ya matso da rarrafe. "Sada, ni ne Hammanka."

"Adda, ki gaya wa mutumin nan ni ma ban san shi ba. Amma shanun sun san shi. Jibi ne."

Ƙit, wayar ta katse.

Goggo ce ta fara magana, tana kuka.

"Yaya, in ya je ɗaure shi za su yi. Mutanen nan ba su da tausayi, ka ji abin da suke yi wa dabba ma."

"Na sani, Batulu."

Malam Salihu ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ƙi yarda Munawwara ta riƙe shi. Ya tako har gaban ɗansa.

"Ɗago ka dube ni."

Kamalu ya ɗago.

"Akwai motar Legas da ke tashi da la'asar. In ka shige ta, gobe kana can. Ba zan sa a raka ka ba, ba zan sa a tsare ka ba. Za ka je?"

Kamalu ya dubi Adda, ya dubi ƙofa, ya dubi farin takalmin da ke leƙowa daga ƙarƙashin buta.

"To, Baba."

Munawwara ta zuba masa ido, irin wannan to ɗin ya yi wa Baba a waya.

Tsohon bai motsa ba. Ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa goshin yaron.

"Wanne daga ciki?"